Kawu Mai Kara da Kabarin Bayan Zaɓe

Da sunan Allah mai rayarwa, mai kashewa, wanda ba ya shawara da kowa idan wa'adi ya cika. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da iyalan gidansa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Litinin da hantsi, washegarin ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen 'yan majalisar jiha. A zaure ya cika, yana jingine da bango, da guntun rake a hannunsa bai gama ferewa ba. Matarsa ta kawo masa koko, ta yi magana sau biyu bai amsa ba, ta ajiye kwanon a hankali ta je ta kira maƙwabta.

Kafin in iso cikin gida ya cika da kuka. Mahaifiyata tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ba ta kuka, sai dai ta riƙe hularsa tana juya ta a hannu. An buga wa 'yarsa da ke aure a Saulawa waya, ana jin ihunta ta cikin wayar kamar tana tsakar gidan. Wata mata daga ƙarshen unguwa, wadda ba dangin kowa ba ce a cikinmu, ta fi kowa zubar da hawaye, har aka tambaye ta ko lafiya.

A waje kuwa, wurin maza, shiru ne irin wanda ban saba ji a gidan mutuwa ba. Liman ya yi salati, ya yi addu'a, ya shafa, sannan na ga ya ɗaga kai yana kallon hanyar Tudu. Kowa ya bi idonsa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kasa daurewa ya ce, "Haba Kawu! Duk ranakun Allah ka rasa wadda za ka tafi sai yau?" Ya yi maza ya toshe bakinsa yana istigfari. Babu wanda ya tsawata masa, domin abin da ke ran kowa ya faɗa.

Ga dalili. Ƙauyenmu, a ƙasar Gazara, unguwa biyu ne: mu na Rafi, da mutanen Tudu. Maƙabarta ɗaya gare mu, tana tsakani. Tun kakanni, ba ma haƙa wa namu kabari. Idan aka yi rasuwa a Rafi, Tudu ke haƙawa. Idan a Tudu ne, mu ke haƙawa. Magabata sun ce wanda zuciyarsa ta karye ba ya iya saita bangon rami. Kuma ba a aikawa da baki. Ana auna tsawon mamaci da karan dawa, a kai karan ɗaya unguwar, a miƙa wa babban masu haƙa. Idan ya sa hannu ya karɓa, an gama magana. A ranar nan babu wanda ya san ko Tudu za ta karɓi karanmu, saboda abin da yaranmu suka yi musu jiya. Mutumin da kuma yake kai karan, tun ina ɗan makarantar allo, shi ne kwance a zaure an lulluɓe shi.

Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron taka tururuwa. Noman rake yake yi a fadama, kuma ko da haƙoransa suka zube bai daina shan rake ba. Sai ya yanka shi ƙanana ya riƙa tsotsa. A rufin zaurensa akwai damin kara da yake zaɓa da kansa duk kaka, miƙaƙƙu, marasa tsagewa, ba ya yarda a taɓa masa ko da za a hura wuta.

Saboda wannan aiki, ba ya iya riƙe kara don wata buƙata ta daban. Wata shekara ya manta, ya ɗauko ɗaya zai je ya zunguro mangwaro. Kafin ya kai bakin rafi mutum nawa suka tare shi suna cewa, "Inna lillahi, wane ne?" Ya bi ta ƙofar wata tsohuwa da ta daɗe tana jinya, tana shan rana a waje. Ta hango shi ta ce, "Kai, wuce da karanka! Ban shirya ba. Je ka auna uwarka." Ya tsaya ya karya karan a gwiwa, ya gaishe ta, ya koma gida babu mangwaro. Tsohuwar ta ƙara damina shida bayan haka, kuma duk sanda ya wuce sai ta ce masa, "Ba yau ba."

Matar nan da ta fi kowa kuka, daga baya ta faɗa wa mahaifiyata dalilinta. Jaririnta na fari ya rasu yana ɗan wata uku. Ta ce tana kallo Kawu ya shiga ɗaki ya fito, ba ta ga kara a hannunsa ba, har ta ɗauka ya manta. Ashe idan yaro ne, a cikin hannun riga yake zura karan, ya naɗe hannunsa a baya, don kada uwa ta ga ƙanƙantarsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na girma a gabansa, ban san wannan ba sai ranar.

Ba mai yawan wa'azi ba ne. Idan 'yan siyasa suka cika majalisa da gardama, abin da yakan ce ɗaya ne: "Na auna na wancan ɓangare, na auna na wannan, ban ga wanda jam'iyya ta ƙara wa tsawo ba." Amma bai taɓa fashin zaɓe ba. Yakan sa farar rigarsa ya bi layi. Sai dai manyan jam'iyyu biyu da ake rigima a kansu ba ya dangwala wa ko ɗaya. Yakan duba can ƙasan takarda ya nemo wata 'yar jam'iyya da ba mu taɓa ganin ko fastarta ba, ya ba ta. Duk zaɓe, idan ana ƙirga, sai an ɗaga takarda ɗaya tilo ta wata jam'iyya da malamin zaɓe ma sai ya ƙura ido kafin ya karanta sunanta. Sai wuri ya kaure: "Ta Kawu ce!" Shi kuma ya ce, "Su ma 'ya'yan mutane ne. Ku bar su su ga an san da su."

Wanda bai san tarihi ba zai ce haka Allah ya halicce shi. A'a. Da bakinsa ya ba ni labari, wata rana muna sarar rake.

Yana saurayi ya fi kowa zafin siyasa a Rafi, kuma shi ne babban masu haƙarmu. A wani zaɓe na can baya, ɗan takarar Tudu ya ci, suka yi kwana uku suna yi mana waƙar zambo. Ba a yi mako ba wani magidanci ya rasu a Tudu. Aka kawo kara. Kawu ya naɗe hannuwansa a baya ya ce, "Ku ce wa ɗan majalisarku ya haƙa." Sau ɗaya ke nan aka taɓa mayar da kara a garinmu. Babban ɗan mamacin, wanda bai daɗe da aure ba, ya ɗauki dagi shi da ƙannensa suka haƙa wa ubansu da kansu.

"Ina cikin fadama," in ji Kawu, "ina jin ƙarar dagin. A buga, a yi shiru, a buga. Shirun nan kuka yake yi. Na toshe kunne, ban daina ji ba. Har yau, Malam, in wuri ya yi tsit, ina jin sa."

Daga nan ya ajiye haƙa, ya ce hannunsa bai cancanta ba. Ya roƙi dattawa su bar masa awo, na Rafi da na Tudu duka, aikin da ba wanda yake so. Ɗan mamacin nan kuwa shi ya zama babban masu haƙar Tudu, har sunansa ya ɓata, Mai Dagi kawai ake ce masa. Duk Sallah Kawu yakan ɗauki rake mafi kauri a gonarsa ya hau Tudu ya ce, "Na zo neman gafara." Mai Dagi yakan karɓi raken ya ce, "Na ji." Bai taɓa cewa ya yafe ba. Idan suka haɗu a kasuwar Makarfi sai tsiya. Mai Dagi ya ce, "Ga dogon banza, mai zaɓen waɗanda ba su da ko keke." Kawu ya ce, "Gajere, in na auna ka rabin kara ya isa."

To, ga zaɓen bana. Ɗan takara ɗaya ya yi alkawarin gada a kan rafinmu, sai Rafi ta bi shi. Ɗayan kuwa mahaifiyarsa 'yar Tudu ce, sai Tudu ta bi nata. Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ne wakilin namu a akwati. Wakilin nasu ɗan Mai Dagi ne. Ranar Asabar aka kaɗa ƙuri'a a firamare lafiya lau. Bayan la'asar aka zazzage akwati a gaban kowa, malamin zaɓe yana ɗagawa jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi. Ana tsakiyar haka, fuska duk a murtuke, aka ɗaga ta Kawu. Rafi da Tudu suka fashe da dariya tare. Na ga wakilan nan biyu har suna tafawa.

Ranar Lahadi bayan azahar aka bugo waya daga Makarfi cewa namu ya ci. Da yaranmu sun tsaya a Rafi da murnarsu, da ban rubuta wannan ba. Suka hau babura suna hon, suka nufi Tudu. Lokacin tumatir ne, ya yi yawa ya faɗi a kasuwa, matan Tudu sun yanyanka nasu sun shanya a fako, fili guda ja wur. Ta kai suka bi. Suka je, suka dawo, suka sake bi. Aikin mako biyu ya koma ƙasa. Aka yi jifa, aka fasa wa ɗaya daga cikin yaranmu kai. Ɗan Mai Dagi ya tsaya a tsakiyar fakon ya ɗaga murya yadda har Rafi aka ji: "Daga yau babu mu babu ku! Ko gawa ce, ku ɗauki abinku!"

Kawu ya kira ɗansa kafin magariba. Ina wurin. Ya ce, "Tara yaran nan ku je ku tsince tumatir ɗin, ku ba matan haƙuri."

"Baba, yanzu in muka je sai an zubar da jini. Gobe, in hankali ya kwanta."

Kawu ya dube shi. Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Goben ce muke zaune a ƙofar gidansa ba wanda ya san abin yi. Liman ya ce, "Malam, kai ne ɗan ƙanwarsa. Shiga ka auna." Na zaro kara daga rufin zaure. Na aza daga kansa zuwa diddige, na karya. Da na fito taubashina ya ja ni gefe, idonsa ja.

"Malam, bari mu haƙa da kanmu. In ka je suka ƙi karɓa a gaban mutane, an yanke ke nan har jikoki. In ba ka je ba, ma ce gaggawa ce ta sa."

Maganarsa tana da kan gado, har na soma karkata. Sai muryar mahaifiyata ta fito daga bayan zaure. "A kai," ta ce. "Yayana bai taɓa ajiye karan kowa ba. Ba za a fara da nasa ba."

Na kama hanya ni kaɗai. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa jin tsawonta irin na ranar ba. Ta fako hanyar ta bi. Matan suna duƙe suna tsintar abin da ya rage, suna hure ƙasa, suna zubawa a kwarya. Na yi sallama ba wadda ta amsa. Sai ɗaya ta ɗago ta ga abin da ke hannuna.

"Wane ne?"

"Kawu."

Ta saki kwaryar ta ɗora hannu a ka. Na wuce ina jin salatinsu a bayana.

A ƙofar Mai Dagi maza sun cika tabarmi, rediyo a tsakiya tana jero sakamakon mazaɓu, na Ikara, na Kudan, da na can kudu. Na cire takalmi na durƙusa. Na gaida tsohon: kwana, gajiya, iyali, zafi, aiki. Ya amsa duka ɗaya bayan ɗaya bai rage ko guda ba, idonsa a kan karan. Wani ya kashe rediyon. Na miƙa da hannu biyu na ce, "Baba, Kawu ne. Allah ya yi masa cikawa da hantsin nan."

Wurin ya ɗauki salati. Amma Mai Dagi bai miƙo hannu ba.

Ɗansa ya tashi tsaye. "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma Malam, ka ga fako da idonka. Jiya na yi magana gari ya ji. Suna da babura, su haƙa da su. Ai ba yau aka fara mayar da kara ba, kuma kowa a nan ya san wanda ya fara."

Hannuwana suna miƙe har suka soma sagewa. Mai Dagi ya karkata kai yana duban karan daga wannan baki zuwa wancan, ya yamutsa fuska.

"Wa ya auna wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga ka zuwa diddige."

Ya yi tsaki. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya fizge karan daga hannuna, ya tsayar da shi a jikinsa. "Dubi nan! Mutumin da nake ɗaga kai in zage shi? In an kwantar da mamaci ƙafa miƙewa take yi, ga ɗaurin likkafani sama da ƙasa. Taƙi ɗaya yake ƙarawa." Ya ware babban yatsa da na tsakiya ya nuna mini. "Kullum. Bai taɓa kawo mini gajere ba. Kai ga karatu har ana zuwa daga Malikanchi ɗaukar darasi, kara ɗaya ya gagare ka. Da na bi wannan, da a naɗe za ku sa shi."

"Baba," ɗansa ya ce, "ka fa karɓa."

Tsohon ya dubi hannunsa kamar bai san yadda karan ya shiga ba. "Dubawa nake yi."

Bai mayar mini ba. Ya juya ga mutanen da ke zaune ya ce, "Bari in gaya muku abin da ba ku sani ba. Sallar da ta wuce, da ya kawo rakensa, ya ce mini, 'Gajere, ranar da na mutu kada ka karɓa. Bar 'ya'yana su haƙa, su ji abin da ka ji, mu tashi kunnen doki.' Har da cewa in yi masa alkawari." Ya girgiza kai. "To yaushe na taɓa bin maganarsa? A noma ban bi ba, a zaɓe ban bi ba, sai yau da ba ya iya gardama?" Ya dubi ɗansa. "Ni na haƙa na ubana. Na san nauyin shebur ɗin ƙarshe. Kai ba ka sani ba, kuma ba na so ka sani. Ƙuri'a ce kuka faɗi, za a sake wata."

Na samu ƙarfin hali na ce, "Baba, ashe ka yafe masa?"

"Tun kafin a haifi wannan mai tsayuwar. In na faɗa masa, wa zai riƙa kawo mini rake?" Ya shiga gida da sauri, ya fito da dagi a kafaɗa, ya nufi maƙabarta bai kira kowa ba.

Dattijo ɗaya ya tashi ya bi shi. Sai biyu. Sai tabarmi suka koma wayam, saura ɗansa. Ya tsaya yana huci, sannan ya shiga ya ɗauko diga. Da zai wuce ni ya ce, "Ka gaya musu ba don su ba ne. Don kada tsoho ya faɗi a rami ne." Na ce zan faɗa. Na zauna a kan dutse na yi hamdala ta fi a ƙirga.

Ƙasar rani ce, ta bushe kamar ƙarfe, dagi yana tashi da ƙara. Da labari ya kai Rafi, ba wanda ya aiki yaranmu. Suka ɗaura jarkoki suka riƙa jigilar ruwa daga rafi ana jiƙa wurin. Har da mai fasasshen kai, da tsumma ɗaure. Su ajiye, 'yan Tudu su ɗauka, ba mai kallon wani. Matan fako kuwa sun riga ni isa gidan makoki.

Bayan azahar aka yi masa salla, sahu ya cika har bakin fadama. Muka ɗauki makara. Da muka isa an gama babban rami, an gama ƙaramin na ciki inda ake kwantarwa, amma Mai Dagi yana ciki har yanzu, a durƙushe, yana share ɓurɓushi da tafin hannu, yana tsince ƙananan duwatsu ɗaya ɗaya. Aka jira shi. Da ya gamsu ya miƙe zai fito, gwiwa ta ƙi. Ya gwada sau biyu. Ɗansa yana can ɗaya gefen. Wanda ke tsaye daidai kansa taubashina ne, wakilin waɗanda suka ci. Ya durƙusa ya miƙa hannu yana kuka, ya ce, "Baba, ku yafe mana."

Tsohon ya kama hannun. "Ja ni a hankali, ɗan nema, ni ban mutu ba tukuna." Da ya dafa baki ya fito, bai saki hannun ba. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Ka duba aikin nan da kyau. Nawa kai za ka haƙa, kuma in ka yi mini ƙunci sai na kai ƙararka wurin ubanka."

A maƙabarta muke, ba wurin dariya ba ne, amma na ga kafaɗu suna girgiza a sahun Rafi da na Tudu. Muka saukar da Kawu. Ya shiga daidai, da sarari a kai da ƙafa.

Ya Allah, bawanka ne ɗan baiwarka. Ya yi kuskure sau ɗaya a gaban mutane, ya yi sauran rayuwarsa yana gyarawa. Ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da waɗanda ya yi wa hidima. Mu kuma da ka rufa wa asiri ranar nan, ka sa mu cika da imani. Amin.